Kwafi Arba'in da Uku

Da so samu ne, da ban taɓa taka shagon Nuriyya ba. Babu abin da ya haɗa mu, kawai dai ni ba na son a ce mini "zauna ki jira", kuma duk wanda ya taɓa kai mata gyara ya ce yarinyar ba ta san sauri ba. Amma kwamfutata ta kai ni maƙura. Sati uku ke nan, kullum na kunna sai wani jan rubutu ya fito a gefe yana cewa an ga bairos, an kasa killace shi. In danna a goge, ta yi ta nazari, can ta ce an goge. In kashe in sake kunnawa, ga shi nan ya dawo ya zauna daram. Wani abokin aikina a firamaren da nake koyarwa ya sauya mini antibairos har sau biyu, babu wanda ya iya da shi. Daga baya ma sai ta fara daskarewa ana cikin aiki, fankarta na ihu, ƙasanta ya yi zafi har ba ta ɗoruwa a cinya. Ni kuwa da ta daskare sai in danne makunnin da ƙarfi har ta mutu, don ba ni da haƙurin lallashin ƙarfe.

Ranar Laraba da aka tashi daga makaranta na tari keke zuwa wajen tasha. Bazara ce, irin zafin Haɗeja da ke sa kwalta ta yi laushi, ga motocin alkama sun cushe hanya. Shagon ɗan ƙarami ne, tsakanin mai sayar da injin ban ruwa da mai bandar kifi. Nuriyya siririya ce mai tabarau, ba za ta wuce shekara ashirin da biyar ba. Ta karɓi kwamfutar, ta kunna, ta zuba mata ido shiru har na fara kaɗa ƙafa.

"Malama, wannan ba irin wanda antibairos ke kamawa ba ne," ta ce. "Su biyu ne, suna gadin juna. Da kin kunna kwamfutar suke riga kowa tashi. In an kashe ɗaya, ɗayan ya tashe shi kafin a juyo. Shi ya sa kike ganin an goge, an goge, amma yana nan."

"To maganin fa? Ba tarihinsa na zo ji ba."

"A share komai, a zuba mata sabuwar manhaja. Shi ne mai tabbas. Akwai abin da ba kya son rasawa a ciki?"

Akwai. Abu ɗaya ne tak, kuma dole in tsaya in faɗi ko mene ne.

Mahaifina Goni Modu ne. Mutanen gari Gwani suke cewa, mu a gida muna faɗa yadda kakanninmu da suka taso daga bakin Tafkin Chadi suke faɗa. Tun kafin a haife ni ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa, da ka, izu sittin, cikin shekara biyu da wata huɗu. Rubutun Barno ne mai kauri, baƙar tawada da jan wasali, warƙa-warƙa ba a ɗinke ba, a cikin gafakar fata. Shekarar da kogi ya ɓalle ya ci ƙauyenmu na wajen Auyo, ɗakin Baba na ƙasa ya zauna a kan akwatin da gafakar take. Sai bayan sati biyu aka tono. Tawadar ta narke, takardun sun manne sun zama dunƙule ɗaya. Baba ya shafa da hannu, ya sa aka binne a wuri mai tsabta.

Abin da ya rage shi ne hotuna. Wata biyu kafin ambaliyar, yayana Mala ya zauna kwana huɗu ya ɗauki kowane shafi da waya, shafi dubu ɗaya da ashirin da shida, ya juye su a kwamfutata cikin folda ɗaya da ya sa wa suna Rubutun Baba. Wayar tasa ita ma ruwa ya tafi da ita. Yanzu Baba yana gidan Mala a nan Haɗeja, yanar ido ta rufe masa gani, hannunsa na rawa ko kofi ba ya riƙewa da kyau. Ba zai sake rubuta ko layi ɗaya ba.

Duk da haka, da Nuriyya ta yi tambayar nan ko gezau ban yi ba. Baba yana da doka: ba a hana mutum Alƙur'ani. Tun da labari ya bazu cewa rubutunsa ya tsira a kwamfuta, tsofaffin ɗalibansa da maƙwabta da baƙi daga Birniwa suke zuwa, wannan da filash, wancan da memorin waya. Su gaishe shi, su roƙa, ya ce, "Yagana, zuba masa." Yagana yake ce mini saboda sunan mahaifiyarsa Mairam na ci. In zuba, su yi godiya, ya yi musu addu'a. Ba ya rubuta sunan kowa, amma ya riƙe su duka a ka, kuma yakan jero su in yana cikin nishaɗi. Mutum arba'in da uku.

"Share abinki," na ce wa Nuriyya. "Abin da nake ji da shi akwai kwafinsa arba'in da uku a hannun mutane."

"To kawo mini ɗaya in gani."

"Ki ga me? Na ce miki akwai."

"Na ji, Malama. In gani dai."

Raina ya ɓaci. Na ce mata ni ba ƙaramar yarinya ba ce, da hannuna na zuba su, kuma a wannan ranar da ke dafa ƙwaƙwalwa ba zan koma cikin gari don ta gamsu ba. Ta saurare ni har na gama, ta rufe kwamfutar a hankali, ta turo mini ita.

"In kina so a share yanzu, akwai masu yi a layin baya, minti talatin sun gama. Ni dai ba na share abin da ban ga madadinsa da idona ba."

Wallahi saura kaɗan in ɗauka in tafi layin bayan. Har na sa hannu a kan jakar. Abin da ya tsayar da ni ba hankali ba ne, so nake in dawo in ajiye mata filash a gabanta in ga yadda za ta yi da fuskarta.

Mafi kusa shi ne Malam Shu'ibu, tsohon ɗalibin Baba, mai sayar da irin shinkafa a bakin kasuwa. Shi ne na uku da na zuba wa. Da na gaya masa aron filash ɗin nake so na awa ɗaya, sai ya ce in dakata. Ya ɗauki buta ya yi alwala tsaf, ya shiga ciki, ya taka buhu ya miƙa hannu can saman kanta. Ya sauko da wani farin ƙyalle mai ƙanshin turare, ya warware, ga filash ɗin a tsakiya. Da hannu biyu ya miƙo mini.

"A kula da shi, 'yar Malam," ya ce. "Tun da ya shigo shagon nan ban ga abin da ya dame ni ba."

Nuriyya ba ta sa shi a kwamfutata ba. Ta jawo wata tsohuwa daga ƙarƙashin tebur, wadda ta ce don irin wannan aikin take ajiye ta, ba ta haɗe da komai. Ta soka filash ɗin. Ga folda nan, ruwan ɗorawa, Rubutun Baba. Na gyara tsayuwa na harɗe hannu.

"Hotuna nawa kika ce?"

"Dubu ɗaya da ashirin da shida."

Ta nuna mini wasu ƙananan lambobi a gefen sunan. "Wannan shi ne nauyinsa. Malama, abin nan ko hoto ɗaya bai kai ba."

"Ban gane ba."

"Ba folda ba ce. Shi ne bairos ɗin. Ya ɓoye foldar gaskiya a cikin kwamfutarki, ya ɗauki sunanta da kamanninta ya zauna a wurinta. In kin danna shi a can, sai ya buɗe miki hotunan, don ya san inda ya kai su, ke kuma ki ɗauka komai lafiya. Amma in kin kwafa wa wani, shi kaɗai kike kwafa." Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. "In kina zubawa, yana daɗewa?"

Ba ya daɗewa. Kafin mutum ya gama gaisuwa na gama. Har alfahari nake yi da shi, ina ce wa baƙin Baba kwamfutar tawa ba ta wasa.

"Na Malam Shu'ibu ne ya lalace," na ce. "Zafi ne, a saman kanta yake ajiye shi."

Ba ta yi mini musu ba, ni ma ban jira ta yi ba. Na fita na sake tarar keke. Na karɓo memorin Hajiya Sakinatu maƙwabciyarmu, wadda na zuba wa watan jiya, na biya na karɓo na wani limami da na zuba wa da azumi. Duk hanya ina ta lissafi a raina: ba zai yiwu a ce duka ba, ai ko na farko-farkon za su yi kyau, ai ko mutum ɗaya. Mai keken yana ta ba ni labarin farashin taki, ban san abin da nake amsa masa ba.

Duka biyun iri ɗaya ne da na Malam Shu'ibu. Suna ɗaya, nauyi ɗaya, babu komai.

"Na farkon fa?" na ce. "Wanda na fara zuba wa? Ai lokacin bai shiga ba."

Nuriyya ta duba wani wuri ta karanto mini ranar da bairos ɗin ya shiga kwamfutata. Na san ranar. Satin da na kai tambayoyin jarrabawar ɗalibaina shagon buga takardu ne, da filash ɗin makaranta, na dawo na soka shi. Wata guda cur kafin mutum na farko ya zo roƙo. Ashe ya daɗe a ciki a ɓoye kafin jan rubutun ya fara fitowa.

Na zauna a kan benci. Ashe duk duniya wuri ɗaya rubutun Baba yake, a cikin wannan abar da ke zafi tana daskarewa, wadda awa biyu da suka wuce na ce a share. Kuma ko a cikinta ma ba mu gan shi ba tukuna. Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba tun ranar da na ga ruwa yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa.

"Suna nan?" na ce. "Nuriyya, don Allah ki gaya mini suna nan."

"Yaushe kika buɗe su na ƙarshe?"

"Juma'a."

"To ranar Juma'a suna nan. Bari mu duba yau."

Na so ta yi mini ƙarya ko ta minti ɗaya ce, amma ba irinta ba ce. Ta ciro wani filash nata mai jan zare a wuya, ta soka a kwamfutata tana kashe, ta kunna tana danna wani maɓalli da sauri-sauri. Fuskar da ta fito ba wadda na sani ba ce. Ta ce wata manhaja ce daban da ke cikin filash ɗinta, da ita ta tashi kwamfutar, ba da tawa ba.

"Yanzu barci suke, su biyun," ta ce. "Ba ta ƙofarsu muka shigo ba. Sai mu yi ta bincike ba wanda zai riƙe mana hannu."

Ta rubuta Rubutun Baba a wurin nema. Abu ɗaya ya fito, na ƙaryar. Ta sake nema ta wata hanya, shiru. Ina tsaye a kanta har numfashina na taɓa hijabinta, ta ce in ɗan matsa. Na matsa taku ɗaya na dawo.

A nan wayata ta yi ƙara. Lambar matar Mala ce, amma muryar Baba na ji.

"Yagana, ba ki zo ba yau. Ga baƙo daga Birniwa tun azahar, ya zo da abin zubawarsa."

"Baba, kwamfutar tana wurin gyara."

"Ciwon nata ne dai?"

"Shi ne."

"To kada ki takura kanki, na ji muryarki wani iri. Ko ta lalace ma ai ba komai, tun da yana hannun mutane. Sai a karɓo a wajen Shu'ibu."

Na ce to. Na kashe wayar na kifa ta a cinya, na ji kamar in kurma ihu a tsakiyar tasha.

Nuriyya ta daina neman suna, ta koma neman nauyi. Ta ce hotuna dubu ba sa ɓuya, duk inda suke sai sun cika wuri. Ta bi rumbun kwamfutar lungu-lungu, tana buɗe wannan tana rufe wancan. Can cikin wata folda, a cikin wata, a cikin wata, ta tsaya a kan wadda ba ta da suna sam, fili ne kawai a inda suna ya kamata ya kasance. Ta danna. Kwamfutar ta yi shiru, fanka ta ɗauki kuka, na rufe ido.

"Malama, wannan ne?"

Shafin Fatiha ne, da zayyanar da Baba ya yi masa ja da rawaya a gefe, har da yatsan Mala da ya fito a ƙasan hoton. Na ce shi ne, hawaye na zuba, ban ma damu da mai bandar kifi da ke leƙowa ba.

"Kada ki yi murna tukuna," ta ce. "Rumbun nan ya ji jiki. Kina kashe ta da ƙarfi in ta daskare?"

Ba ta jira amsata ba. Ta ɗauko sabon filash a leda, ta ce hotunan kaɗai za ta kwashe, ba za ta taɓa komai ba bayan su, don bairos ɗin ba ya shiga cikin hoto. Aka fara. A ƙasan fuskar kwamfutar lamba ta fito tana hawa, goma sha biyu, goma sha uku, a hankali kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Wannan ne saurin gaskiya, wanda ban taɓa gani ba ko sau ɗaya cikin arba'in da uku.

Muna ɗari uku da wani abu aka ɗauke wuta. Batirin kwamfutata ba ya wuce minti goma, na sani, na kuwa faɗa da ƙarfi. Nuriyya ta riga ta miƙe. Ta zare wayar cajin ta mayar kan batirin solarta, ta kashe fankar shagon, ta zare wayoyin mutane uku da ke caji.

"Rana ta yi ƙasa, batirin ba cikakke ba ne," ta ce. "Amma ina jin zai kai."

"Kina ji, ko kin sani?"

"Ina ji."

Shagon ya koma tanda. Gumi na bin bayana, ita kuma ta ɗauki kwali tana yi wa kwamfutar fifita, ba kanta ba. Na karɓe kwalin, don hannuna na neman abin yi. A ɗari bakwai da huɗu lambar ta tsaya. Wani ɗan sauti ya riƙa fitowa daga ciki, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Minti ɗaya, minti biyu. Yatsana da kansa ya nufi makunnin, irin yadda ya saba, Nuriyya ta buge mini hannu. Yarinyar da na girma da shekara goma sha biyar, kuma na janye hannuna.

"Bar ta. Tana ƙoƙarin karanta wurin da ya ji ciwo ne. In ta gaji za ta tsallake."

Ta tsallake ɗin. Ta sake tsayawa, ta sake tsallakewa. Aka kira la'asar, na yi salla a bayan kanta a kan ɗan buhu, kuma har yau ban san surar da na karanta ba. Da na sallame lambar tana ɗari tara da tamanin, fitilar batirin solar ta koma ja.

Batirin ya kai. Nuriyya ta zare filash ɗin, ta kai tsohuwar kwamfutarta, muka bi hotunan. Dubu ɗaya da goma sha tara lafiya lau. Bakwai a jere sun buɗe rabi, saman shafin rubutu, ƙasan toka-toka kamar an shafe da siminti. Ta gwada sau uku ta wasu hanyoyi, ba su dawo ba. Na san hannun wa ya yi wannan, ba sai an gaya mini ba.

Sai da ta juye su a wuri na biyu, ta sa na ƙirga da kaina, sannan ta share kwamfutar tas ta zuba mata sabuwar manhaja da wuta ta dawo. Ta mayar da hotunan. Jan rubutun nan bai sake fitowa ba.

"Saura arba'in ɗin da ke waje," ta ce tana naɗe waya. "Duk wanda ya soka nasa a kwamfuta ya kai mata cutar. Ki karɓo su, a kawo nan in wanke, in zuba na gaskiya. Kafin nan kada ki bari ko ɗaya ya taɓa wannan."

Na yi mata godiya, na kuma ba ta haƙuri kan maganganun ɗazu. Ta ce ba komai, ta saba.

Rana ta kusa faɗuwa na isa gidan Mala. Baƙon Birniwa ya gaji ya tafi masauki, ya ce zai dawo da safe. Baba yana zaure a kan buzunsa, ya jingina da bango, carbi a hannu. A keke na shirya yadda zan faɗa a hankali, in fara da mai daɗin. Da na durƙusa a gabansa duk shirin ya watse, na zubo komai yadda ya zo: foldar ƙarya, filash ɗin Malam Shu'ibu, yadda na ce a share, shafi bakwai ɗin da na lalata da hannuna.

"Waɗanne bakwai?" ya ce.

Na gaya masa inda suka fara da inda suka ƙare. Ya motsa leɓe kaɗan yana bin wurin, ya dafa ƙirji. "Waɗannan suna nan. Bar kuka a kansu."

Na ji sanyi, na ɗauka an wuce wurin. Ya ci gaba da jan carbi. Can ya tsaya.

"Yaushe kika ba Shu'ibu nasa?"

"Wata goma sha ɗaya ke nan, Baba."

"Kuma babu komai a ciki."

"Babu."

"Na sauran ma haka. Har masu na waya."

"Duka."

Ya juyo da fuskarsa wajena, fararen idanun nan a buɗe.

"Yagana, a cikin arba'in da ukun nan, wa ya dawo ya ce miki ya buɗe bai ga komai ba?"

Na buɗe baki in ba da amsa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya a raina, ɗalibansa, limamai, maƙwabta, masu hawa mota tun daga Birniwa. Ina neman ko mutum ɗaya da ya taɓa kira, ko ya aiko, ko ya tare ni a hanya ya ce 'yar Malam abin nan ya ƙi buɗewa. Duk yinin nan ina ta tsoron abin da zan rasa, wannan bai zo mini a rai ba sam.

"Babu kowa," na ce.

Ya gyaɗa kai a hankali. Bai yi fushi ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya sunkuyar da kai yana shafa gashin buzun da tafin hannu, ni kuma tausayinsa ya cika ni.

"Ke fa?" ya ce. "Kin karanta?"

"Shafin farko nake buɗewa in nuna wa baƙi."

A waje ana ta kora awaki gida, matar Mala na kiran yara su yi alwala.

"Kunna ta," ya ce. "Ba farko ba, farkon kin haddace. Shiga tsakiya."

Na buɗe kwamfutar a kan cinyata, na gangara can tsakiyar hotunan na danna ɗaya. Baƙin rubutun ya cika fuskarta, mai kauri, harafi na hawa kan harafi. Na yi bisimilla na fara. A layi na uku na tsaya cak, don ban saba da hannunsa ba, na kasa gane kalmar. Ya faɗa mini ita, ya ce in koma farkon ayar.